Wuƙa Mai Ƙotar Itace

Jajibirin Babbar Sallah ta shekarar 1955, da hantsi, ruwan da aka kwana ana yi bai daɗe da ɗaukewa ba, indararon soro yana ta ɗiga, kakanmu ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin zaure, ya ce a ɗauko masa adudun wuƙaƙensa. Baba Tsoho muke ce masa. Gidanmu yana gindin Dala, babban gida ne na ƙasa wanda shi da 'ya'yansa da jikokinsa duk muke ciki. Ina ɗan shekara goma a lokacin, kaina ya sha askin sallah har yana ƙyalli, hannuna kuwa duk kaikayin ciyawar da na yanko wa ragunan layya. Muka yi masa zobe mu yaran gida, kowa ya naɗe ƙafa, don mun san ranar ce kaɗai a shekara ake buɗe adudun nan a gaban mutane.

Baba Tsoho ya yi fataucin fata da goro da ƙuruciyarsa, kuma duk garin da ya sauka sai ya dawo da 'yar ƙaramar wuƙa, irin wadda ake naɗewa a jefa aljihu. Mutanen unguwa sun daɗe suna yi masa kallon mai wata manufa, don ba su ga dalilin da zai sa dattijo mai zuwa masallaci ya tara wuƙaƙen da ba ya yanka komai da su ba. Wasu sun ce maganin ƙarfe yake haɗawa. Shi kuwa kaifi bai dame shi ba, ƙota ce abin sonsa. Akwai mai ƙotar hauren giwa wadda ta yi ruwan ɗorawa don tsufa, ya same ta a hannun wani Balarabe ɗan kasuwa da ke cikin gari. Akwai ta ƙashin raƙumi daga wajen Buzaye, da ta ƙahon barewa, da ta baƙar kanya da aka naɗe wa wuya da zaren tagulla. Sai ya rufe ido ya ɗora ƙota a kumatunsa ya faɗi ko ta mece ce: haure sanyi gare shi, ƙashi yana da 'yan ƙofofi kamar an tsattsaga da allura, ƙaho kuwa in ka murza shi da yatsa sai ya yi warinsa. Bai taɓa yarda da mai sayarwa ba. "Kowa ƙashi yake kawowa ya rantse haure ne," in ji shi. Ina jin a wurinsa na gaji halin nan na bin diddigi, wanda matata ta sha fama da shi daga baya.

A can ƙasan adudun akwai wani ƙunshi na daban a cikin tsohon saƙi, kuma shi muke jira. Al'adar gidanmu ce, wadda ban taɓa ganin irinta a wani gida ba, duk ɗa namijin da aka haifa, sai Baba Tsoho ya karɓi ƙahon ragon sunansa ya soke a azara har ya bushe, sannan ya kai wa Audu maƙeri ya yi wa yaron wuƙa da ƙotar ƙahon. Wuƙar tana zama a adudu sai ranar da mai ita ya yi aure ake damƙa masa. Amma in yaro ya soma wayo, akan ba shi ya riƙe a kwanakin layya ya ci nama da ita, bayan sallah ya mayar. A shekarar ne aka ce ni da Bala mun isa. Bala ɗan baffana ne, sa'ana, tare aka yi mana kaciya, tare muke zuwa makarantar allo, kuma bakinsa ba ya ajiye magana ko ta minti ɗaya.

Baba Tsoho yakan shafa wa kowace wuƙa man kaɗe, ya ba da labarin ragonta, sannan ya miƙa. Wannan ragonsa ya tsinke igiya ya shiga gidan liman, wancan ya tunkuyi mahauci har rawaninsa ya faɗi. Ta Bala ƙotarta kamar zuma, da baƙin zane a tsakiya, aka ce ragonsa sai da ƙarti suka danne shi. Da aka zo kaina sai ya zaro wata ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na juya ta, na sake juyawa. Ko makaho ya san wannan ba ƙaho ba ne. Itace ne, ja-ja mai duhu, ya yi sulɓi, da wani ɗan lotsawa a gefe kamar wurin da aka daɗe ana dannawa. Na jira labarin ragona, ban ji ba. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ni ina ƙahona?" Sai ya ce, "Kai da muka tsinto a Kurmi cikin huhun goro, wane ƙaho kake nema?" Aka fashe da dariya. Tun ina rarrafe yake yi mini wannan tsokana, irin ta kaka da jika, kuma kullum nakan rama in ce ya tsufa ya bar mini matarsa. Amma ranar na lura dariyarsa a leɓe ta tsaya, kuma ya yi saurin naɗe saƙin.

Da azahar aka aike mu gonar gidanmu da ke wajen Goron Dutse mu ƙaro ciyawa. Gero ya yi tsawo ya rufe mutum, kududdufai sun cika, yara suna ta iyo suna kiranmu. Muna cikin yanka Bala ya buɗe wuƙarsa ya rufe, ya sake buɗewa, don dai in ji ƙarar. Can ya ce, "Ka san dai wanda ba a yanka wa rago ba, da sunan da ake kiransa." Bai faɗi sunan ba, ni ma ban bukaci ya faɗa ba. Duk yaron da ya tashi a cikin birni ya san kalmar, ya kuma san in ta manne wa mutum, har jikokinsa sai an goranta musu. Na tashi na kai masa naushi, muka yi ta birgima a kunyoyin gona har muka karya karan gero. Da muka rabu yana share hanci ya ce in bari a koma makaranta, zai tambayi yara ko sun taɓa ganin rago mai ƙahon itace.

A hanyar komawa gida, da damin ciyawa a kaina, na soma tattara hujjoji, kuma abin tsoro shi ne duk inda na duba sai na samu. An ce mini mahaifina ya rasu a tafiya tun ina jariri, amma wace tafiya, wane gari, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Ban taɓa jin sunansa a bakin Baba Tsoho ba, ko sau ɗaya. Sauran yara ana kai su maƙabarta a nuna musu kabarin nasu, ni ba a taɓa nuna mini komai ba. In tsofaffin mata suna lissafin shekaru, sai su ce shekarar da aka haifi Bala, amma ni sai su ce "shekarar da aka kawo shi". Ga kuma mahaifiyata. Yaya nake ce mata kamar yadda kowa yake ce mata, don a ɗakin kakata na tashi. Bayan rasuwar mahaifina ƙanensa ya aure ta, ta zauna a gidan, ta haifi ƙanwata Ladi. Yaya ba ta taɓa kiran sunana ba. In na shigo ta nan, sai ta kau da kai ta can. In za ta ba ni tuwo, sai ta ajiye a ƙasa ta ce a faɗa wa wancan ga abinci. Na san ana kunyar ɗan fari, na ga ana yi a gidaje da yawa. Amma ranar sai zuciyata ta ce mini tata ta wuce kunya, akwai abin da take gani a fuskata da ba ta son tunawa. Da na isa gida na leƙa cikin randa na daɗe ina duban kunnuwana, don mutanen gidanmu duk masu faɗin kunne ne, nawa kuwa sai na ga kamar sun yi ƙanana.

Ban taɓa yin sallah marar daɗi irin wannan ba. Na sa sabuwar riga na bi manya Idi, na dawo na riƙe ƙafar rago aka yanka, amma idona yana kan mutane. In mata biyu suka haɗa kai a bakin murhu, na ce da ni suke. In baƙo ya shafa kaina ya ce Allah ya raya, na ce tausayina yake ji don ya san wani abu. Wata gwaggonmu ta ba ni tsokar da ta fi ta Bala girma, na ƙi ci, don na ga kamar toshiyar baki ce. Yara suka zauna a dakali kowa ya fito da wuƙarsa yana yankar hanta, ni kuwa tawa tana can ƙasan aljihu, na ce haƙori ya ishe ni. Da yamma aka yi langa a ƙofar gida, ni da ba a kayar da ni, sai ga shi ƙaramin yaro ya ture ni. Abu ɗaya ne a kaina: kwanakin sallah za su ƙare, za a koma makaranta, Bala zai buɗe baki a gaban yaran unguwa duka.

Washegari ana babbakar kawuna a bayan gida dabara ta zo mini. Da aka fasa ƙahonin aka watsar, na faki ido na ɗauki ɗaya mai kyau, na ɓoye a cikin tarin karan dafuwa. Tunanina shi ne, in dai ƙaho ne shaidar, to ga ƙaho. Kwana biyu bayan haka, da na ji ƙarar guduma ta dawo a maƙera, na tura shi cikin riga na bi lungu. Audu maƙeri tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari saboda tartsatsi, kuma shi ya ƙera duk wuƙaƙen 'ya'yan gidanmu. Na same shi shi kaɗai yana gyara wani lauje. Na gaishe shi, na ajiye wuƙar da ƙahon a gabansa, na ce ya cire itacen ya jefa a wuta ya sa mini wannan.

Ya ɗauki wuƙar ya kai ta kusa da idonsa mai gani. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni.

"Wa ya aiko ka?"

Na ce ba kowa, wuƙata ce.

"Na san taka ce. Kakanka ya san ka zo?"

Na ƙara tura masa ƙahon. Ya ɗaga ƙahon ya shinshina ya yamutsa fuska, ya ce ɗanyen ƙaho ba ya yin ƙota, sai ya sha iska ya bushe, in ba haka ba tsagewa zai yi. Na ce to ya cire itacen tukuna, na fi son in riƙe ta tsirara. Wutar tana ci a gefensa, gawayi ya yi ja, abin da ya rage kawai ya buge ƙusa biyu. Sai ya jefa wuƙar a aljihunsa ya ce, "Bar ta a nan in auna. Je ka gida, ɗan nan." Na fito ina cizon yatsa. Na ce shi ke nan, shi ma da shi aka ƙulla, ga shi kuma ya raba ni da wuƙar.

Da la'asar ina dawowa daga ɗiban ruwa na hango takalman Audu a ƙofar zaurenmu. Na ajiye tulun na laɓe a jikin bango. Muryar Audu ce kawai nake ji ƙasa-ƙasa. Da na gaji sai na yi sallama na shiga. Wuƙar tana tafin hannun kakana, ya ɗora babban yatsansa a kan lotsawar nan, kansa a sunkuye. Na tsaya ina jiran bulala, ko kuma abin da ya fi bulala, a ce mini ga gidan da aka ɗauko ni, in tattara in koma. Bai dube ni ba. Ya kira wata yarinya ya ba ta wuƙar ya ce ta kai wa Yaya, ta ce mata inji shi, shi ba zai iya ba.

Na bi yarinyar cikin gida. Yaya tana tsakar gida tana juya suya a babbar tukunya. Ta karɓi wuƙar, ta saurari saƙon, ta rage wuta. Sannan ta jawo Ladi, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta soma tsefe mata kitson da aka yi mata shekaranjiya, kitson da ko tsufa bai yi ba. Ta ce, "Ladi, ce wa wancan ya zauna, ya daina tsaya wa mutane a ka." Na zauna a kan turmin da ke kife. Ba ta kalle ni ba, kan Ladi take kallo, kuma da Ladi take magana.

"Ladi, kin san kafin a haife ki na yi tafiya mai nisa? Ni da yayan babanki muka kama hanyar Makka, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa. Da kuɗi sun ƙare mana sai mu tsaya ya yi ɗinki, mu samu guzuri mu ƙara gaba. A wani ƙauye can ƙasar Sudan na sauka, aka samu ɗa namiji. Ran suna ya sayar da rigarsa ta ado ya sayo rago, ƙato, ya fi duk waɗanda aka yanka a gidan nan bana. Da hannunsa ya yanka, ya yi wa yaron huɗuba, mutanen ƙauyen suka ci har suka bari. Sai dai tumakin ƙasar, Ladi, ba su da ƙaho. Ya yi ta shafa kan ragon yana dariya, yana cewa yau me zan kai wa Baba."

Ta tsaya tana warware wata kalba. Ladi ta ce a ci gaba, don ita a zatonta tatsuniya ce.

"Ba a yi arba'in ba zazzaɓi ya kama shi. Da ya ga ba tashi zai yi ba, sai ya ce in juya gida da yaron, in bi ayarin masu dawowa. Ya ba ni sandar da ya dogara tun daga Kano. Ya ce in kai wa Baba, in ce masa ragon ƙasar nan ba ƙaho, ya yi haƙuri ya karɓi wannan. A can muka binne shi. Da goyo a baya da sandar a hannu na shigo gidan nan. Kakanku ya kai wa maƙeri, ya ce a yanko daidai wurin da hannunsa yake kamawa." Ta ɗago wuƙar ta ajiye a kan tabarma, ta tura ta gefena da bayan hannu. "Ce wa wancan, in ƙaho yake so, ga su can a bola. Wannan dai ita kaɗai ta rage."

Na ɗauki wuƙar na sa babban yatsana a cikin lotsawar. Ta yi mini yawa. Kuka ya zo mini irin wanda ba ya fita da sauti, kunya da daɗi da baƙin ciki duk a haɗe, ga kuma tsoro da ya kama ni daga baya da na tuna jan gawayin maƙera. Yaya ta ci gaba da tsifa, sai dai na ga ta goge ido da gefen zane, ta ce wa Ladi hayaƙin suyar nan ya dame ta, alhali wutar ta kusa mutuwa.

Sai a ranar na gane shirun gidanmu. Mahaifina shi ne ɗan farin Baba Tsoho, don haka yana raye ma bai taɓa kama sunansa ba, balle bayan ya tafi ya bar shi da sanda. Ni kuma ɗan farin Yaya. Mutum biyu da suka fi kowa sanin labarina su ne al'ada ta ɗaure wa baki, sauran 'yan gida kuwa kowa ya ɗauka wani ya riga ya faɗa mini. Da aka koma makaranta ban jira Bala ba, ni na tara yara a gindin durumi na ba su labarin ragon Sudan, na ƙara masa girma har ya kusa kai maraƙi. Bala ya bi ni yana roƙo mu yi musanyar wuƙa ko ta kwana ɗaya, na ce ya riƙe ƙahonsa. Ranar da muka mayar da wuƙaƙen, Baba Tsoho ya karɓi tawa ya ce, "Ɗan huhun goro, an gama yajin?" Na ce masa na gama, amma matarsa har yanzu tawa ce. A wannan karon dariyarsa ta fito daga ciki.

Yau adudun babu shi. Bayan rasuwar Baba Tsoho aka raba wuƙaƙen, ta hauren giwa wani ya sayar, ta ƙashin raƙumi ta ɓace a wani tashin gida. Inda maƙerar Audu take yanzu shagon cajin waya ne, gonar Goron Dutse kuwa gidaje sun cinye ta. Jikokina ana yanka musu raguna masu manyan ƙahoni, kafin la'asar an kwashe an zubar, ba wanda ya waiwaya. Ina jin 'ya'yana mata suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira da cikakken suna, suna rungumarsu a gaban mutane, kuma ban ce sun yi laifi ba, don yaran nan ba za su taɓa leƙa randa suna auna kunnuwansu ba. Amma wuƙata tana aljihun rigata na gaba, kuma duk jajibirin sallah nakan shafa mata man kaɗe. Yatsana ya daɗe da cika lotsawar. Yaya ta rayu har ta ga jikokina, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ma tun daga ranar suyar nan ban sake bukatar ta kira ba.